Abin da ya faɗo daga sama yana da mai shi: yadda ake bin sawun rokokin ƙasar Sin

A Kalfu, kamar sauran garuruwan Adar, da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, ko Libiya, ko Kamaru. Saboda haka labarin duniya ta saƙon murya yake fara shigo mana, da ɗuminsa da ƙarin gishirinsa, kafin rediyo ta ce uffan. Cikin labaran da ke yawan dawowa akwai na roka. Wani zai ga jerin fitilu sun ratsa sama bayan magariba, ya ɗauka da salula, kafin isha'i an riga an yanke hukunci a fada: Shinuwa ne suka harbo wani abu, kuma ba wanda ya san daga ina, don wai wuraren harbinsu a ɓoye suke. Tun da gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha a farkon Nuwamba 2024 kan sayen taurarin ɗan'adam uku, sai zancen sama ya ƙara samun kasuwa.

Wannan "ba wanda ya sani" shi ne abin da ke ba ni haushi, don dandalin harba roka na cikin gine-ginen da suka fi wuyar ɓoyewa a doron ƙasa.

Manyan tashoshin ƙasar Sin huɗu ne, kuma duk mai intanet zai iya ɗora yatsa a kansu a taswira. Mafi tsufa ita ce Jiuquan, wadda aka kafa a 1958 cikin hamadar Gobi. Daga nan tauraronsu na farko ya tashi ranar 24 ga Afrilu 1970, daga nan kuma Yang Liwei, Basine na farko da ya je sararin samaniya, ya tashi a Oktoba 2003. Sai Taiyuan a lardin Shanxi, sai Xichang cikin duwatsun Sichuan, sai auta, Wenchang, a bakin teku a tsibirin Hainan, wadda ta yi harbinta na farko a Yuni 2016. Tun 2019 kuma suna harba ƙananan rokoki daga kan jirgin ruwa. A 2024 sun yi harbi 68, wato fiye da ɗaya kowane mako. Aikin da ake yi da irin wannan yawa, da wuta da ƙarar da ke girgiza tagogin garuruwan maƙwabta, ba aikin sirri ba ne. A Wenchang ma ƴan kallo ke cika bakin teku da salularsu ranar harbi.

Su kuwa masu bin diddigi ba sa jiran ranar harbi. Hoton sama suke dubawa. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna ɗaukar hoton kowane yanki kusan duk bayan kwana biyar, kuma kyauta ne, sai dai kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa: za ka ga gini da hanya, ba za ka ga mutum ba. Wasu kamfanoni kuma suna sayar da wanda ɗigonsa santimita 30 ne, wanda a ciki ake ƙirga motoci. Abin da ido ke nema sananne ne. Akwai dogayen hasumiyoyin ƙarfe da ke kewaye da dandalin don kama tsawa kafin ta faɗa wa roka cike da mai, kuma ko da ba a ga tsawonsu daga sama ba, inuwarsu tana tona su, tunda an san tsayin rana a lokacin da aka ɗauki hoton. Akwai rami mai faɗi a ƙarƙashi wanda ke karkatar da wuta gefe. Akwai shaton ruwa, don a daidai lokacin tashi ana kwarara ɗaruruwan tan na ruwa cikin daƙiƙoƙi, ya sha zafin ya kuma rage ƙarar, wadda ita kanta tana iya lalata rokar. Akwai layin dogo miƙaƙƙe da ya taso daga wani dogon gini inda ake haɗa rokar a tsaye. A Wenchang ginin ya kusa mita 100, kuma tsakaninsa da dandalin kusan kilomita uku ne, saboda in wuta ta tashi a ɗaya kada ta ci ɗayan.

Tankunan mai ma suna magana. Sabbin rokoki suna shan iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, tare da kananzir ko haidurojin, kuma tankunansu daban suke da na tsofaffin rokoki masu shan wani mai mai guba. Da ganin tankin, gwani zai gaya maka irin rokar da aka gina wa dandalin tun kafin a sanar. Haka aka kalli sabuwar tashar ƴan kasuwa da ke kusa da Wenchang tana tasowa hoto bayan hoto, har ta yi harbinta na farko a ƙarshen Nuwamba 2024. Kowane dandali yana da lamba. A Wenchang na 101 shi ne na babbar roka Long March 5, na 201 na Long March 7 ne. A Xichang, daga dandali na 2 tauraron maƙwabtanmu NigComSat-1 ya tashi a Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka harba magajinsa daga Xichang ɗin ranar 19 ga Disamba 2011.

Wani zai ce to ai wannan na farar hula ne, na soja fa? Lalle soja suna ɓoye abin da za su iya. Amma a Yuni 2021 masu bincike na cibiyar Middlebury a Amurka, da hotunan kamfanin Planet kawai, suka ƙirga ramukan makamai masu linzami kusan 120 da ake ginawa kusa da Yumen, a yankin birnin Jiuquan. Wasu kafofin Sin suka ce harsashin injinan iska ne, aka yi ta musu, aka ci gaba da duba sabbin hotuna. In ramin da aka haƙa don a ɓoye shi bai ɓoyu ba, ina ga hasumiyar da inuwarta ke kwance a fili?

Ko ranar harbi ba ta cika zuwa da mamaki ba. Kwanaki kaɗan kafin ta, ana fitar da sanarwa ga matuƙan jiragen sama da na ruwa cewa a kauce wa wurare kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, don nan ne sassan farko na rokar za su faɗo. Irin sanarwar da hukumar ASECNA ke rarraba wa matuƙa a sararin samaniyarmu ce. Mai bin diddigi zai ɗora waɗannan wuraren a taswira, ya ja layi ta cikinsu, layin ya kai shi tashar da za a yi harbin, ya kuma nuna masa inda rokar ta dosa.

Inda maganar ke da ɗan wuya shi ne nan: ta yaya abin da aka harba a Hainan zai faɗo a Afirka bayan kwana shida, a kuma ce an san na wane ne? Mu ɗauki aikin mai bin sawu. In raƙumi ya ɓace a dajin Abalak, gwanin sawu ba ya buƙatar ya ga lokacin da ya fita. Girman tafin, da faɗin taku, da inda ya fuskanta, da bushewar kashin da ya bari, sun ishe shi ya ce ga garken da ya fito, ga ranar da ya wuce, ga rijiyar da zai ɓulla. To abin da ke kewaya duniya ma yana da sawu, kuma nasa ya fi na raƙumi gaskiya, don ba ya ratsewa cin ƙaya. Da zarar ya shiga da'irarsa, na'urorin rada suna auna shi, a ba shi lamba a kundin da rundunar Amurka ke wallafawa, a rubuta karkatarsa da tsayinsa da saurinsa. Daga waɗannan alƙaluma ana lissafawa baya a ga cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, sawun ya bi ta kan dandali kaza. Ana kuma lissafawa gaba a ga garuruwan da zai ratsa gobe.

Haka aka yi a Mayu 2020. Ranar 5 ga wata roka Long March 5B ta tashi daga Wenchang. A yawancin rokoki babbar gangar jikin tana faɗawa teku mintuna kaɗan bayan tashi, amma wannan an ƙera ta ne gangar ta raka kayan har cikin da'ira, daga nan a bar ta ba linzami. Ƙarfe mai tsawon mita 30, nauyi wajen tan 20, ya yi ta kewaya duniya duk bayan minti 90, iska tana ja masa birki kaɗan-kaɗan. Ranar 11 ga wata ya ratsa ta kan Amurka, ya shigo ya tarwatse a gaɓar Afirka ta Yamma. A ƙauyen Mahounou, kusa da Bocanda a Kwaddibuwa, ƙasar da ƴaƴanmu suka cika, mutane suka tarar da bututun ƙarfe mai tsawon mita 12. Allah ya kiyaye, ba a ji an rasa rai ba. Jonathan McDowell, masanin taurari da ya daɗe yana rubuta kowane harbi a kundinsa, ya nuna cewa ƙauyen yana daidai ƙarƙashin sawun gangar. Irin wannan ganga ta sake faɗowa ba linzami a Mayu 2021 kusa da tsibiran Maldibs, da kuma sau biyu a 2022.

Karkatar wannan sawu kusan digiri 41 ce, ma'ana duk ƙasar da ke tsakanin digiri 41 arewa da 41 kudu tana ƙarƙashinsa wani lokaci. Jiharmu Tawa tana wajen digiri 15, saboda haka muna ciki, mu da Makka da Bejin ɗin kanta. Wannan ba ya nufin an saita mu. Yana nufin kawai muna cikin faffaɗan yankin da mafi yawansa teku ne da daji. Abin da lissafi ya kasa har yau shi ne faɗin takamaiman wurin faɗuwa tun da wuri, don gangar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Kuskuren minti ɗaya ya fi nisan Tawa zuwa Agadas. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa jibi roka za ta faɗo a gari kaza, ya faɗi abin da injiniyoyin da suka ƙera ta ba su iya faɗa ba.

Su kuma fitilun magariba, ba harbi ba ne. Tashar Sin mafi kusa da mu ta fi kilomita 9,000, kuma rokokinsu gabas ko kudu suka fi fuskanta, bayansu suke ba mu. Jerin fitilu masu tafiya a layi yawanci sabbin taurarin Starlink ne, kamfanin da ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma hasken rana ne ke dukansu a can sama bayan ta faɗi gare mu. Haske guda mai ƙarfi da ba ya ƙiftawa, wanda ke ratsa sama cikin mintuna kaɗan, sau da yawa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce ko takwararta Tiangong ta Sin. Ƙarfen da ke dawowa yana ƙonewa daban yake: yana rarrabuwa gida-gida da jela a baya, yana tafiya a hankali har a samu damar ɗaukarsa a bidiyo, saɓanin tauraro mai wutsiya da ke wucewa kamar ƙiftawar ido.

Akwai kuma masu tunanin wata rana za a yi harbi daga arewacinmu, kuma ba su yi wauta gaba ɗaya ba. Faransa ta harba tauraronta na farko daga Hammaguir a saharar Aljeriya a Nuwamba 1965, kuma mun fi Wenchang kusa da tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa roka gudu kyauta. Amma gabas da mu Damargu ce, da Cadi, da Sudan, babu tekun da sassa za su faɗa. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da Xichang sun san wannan azaba, ana kwashe su kafin harbi, wani lokaci tankin ya faɗo yana fitar da hayaƙi ruwan goro mai guba. A Fabrairu 1996 roka ta kauce a can ta faɗa kusa da tashar, hukuma ta ce mutum shida sun mutu.

Akwai doka a kan duk wannan, sai dai ban taɓa jin an karanta ta a rediyon gari ba. Yarjejeniyar 1972, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ce ƙasar da ta yi harbi ita ke biyan duk ɓarnar da kayanta ya yi a doron ƙasa. An taɓa aiki da ita: tauraron Tarayyar Sobiyet, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978, kuma a ƙarshe Mosko ta biya dalar Kanada miliyan uku. Gwamnati ce ke neman diyyar a madadin ɗan ƙasa, kuma ba ta iya nema sai da shaida. A Yamai muna da cibiyar AGRHYMET tun 1974, da mutanen da kullum aikinsu karanta hoton tauraro ne. Ƙasar da ke shirin mallakar taurari uku bai kamata ta rasa ofis guda da zai fito ya ce wa jama'a "abin da kuka gani jiya kaza ne" kafin saƙon murya ya gama zagaya jiha ba.

Kafin a samu wannan ofis, in wani ƙarfe ya faɗo a gonarka ko a makiyaya, kada ka taɓa shi, kada ka bar yara su hau, balle a kai wa maƙeri ko mai sayen tsohon ƙarfe, don tankunan da ke tsira daga wuta suna iya riƙe sauran mai mai guba. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka riƙe ranar da lokacin da ya faɗo da ɓangaren da ya fito, ka sanar da maigari da jandarma. Da wannan lokacin da wannan wurin ne za a gane dandalin da ya taso, da ƙasar da za ta biya.