Kyanwa na ci tana ramewa: kada a ɗora wa tsufa

A gidaje da shaguna da dama na Barnawa, Narayi, Kakuri da Sabon Tasha a Kaduna akwai kyanwar da ta kwana biyu a duniya. Don ɓeraye aka kawo ta tun tana ƙarama, ta yi aikinta, yau ta shekara tara ko goma, ta koma kwanciya a ƙarƙashin kanta ana jefa mata ragowar abinci. Kyanwa mai shekara goma tsarar mutumin da ya haura hamsin da biyar ce, shekarun da ciwon suga ya fi kama mutane. Ita ma a nan yake samun ta. Wasu dariya suke yi in aka ce mage na ciwon suga, amma tana yi, kuma galibi irin na manyan mutane ne: jiki ya daina jin sinadarin insulin, suga ya taru a jini ya kasa shiga tsoka.

Abin da ya fi yaudarar masu gida shi ne cin abinci. Mun saba auna lafiyar dabba da bakinta. Muddin tana ci, sai mu ce ƙalau take. To kyanwa mai ciwon suga a farkon ciwon ta fi kowa ci. Za ta share kwanonta, ta bi uwargida har madafi tana kuka, amma in ka shafa bayanta sai ka ji ƙashin gadon baya yana tokarar tafin hannunka, cinyoyin da a da suke cike sun zube. Abincin yana shiga, sai dai jikin ba ya cin moriyarsa, don haka yake ƙona kitsensa da tsokarsa. Da yawa sai su ce tsutsar ciki ce, a sayo magani a ba ta, a zauna jira wata biyu. Maganin tsutsa ba laifi ba ne, jiran ne ke da haɗari.

Sai ƙishirwa. Asalin kyanwa dabbar ƙasashen rani ce, ba ta cika shan ruwa ba, shi ya sa canjin yake fitowa fili ga mai lura. Wadda a da sai ka yini ba ka ga bakinta a ruwa ba, yanzu ga ta a bakin bokiti, ga ta a banɗaki tana lasar ƙasa, ga ta a gindin famfo. Dalilin yana ga ƙoda: idan suga ya wuce wajen 250 zuwa 290 a ma'aunin jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi. Kyanwar tana sha ne don ta cike giɓin abin da ta zubar. Ga awo mai sauƙi: kyanwa mai kilo huɗu da ke shan fiye da mililita 400 a yini, wato kusan ledar ruwa guda ta 500, ta wuce ƙa'ida ƙwarai. A juye mata ledar a kwano ɗaya da safe, a rufe sauran wuraren ruwa, washegari a duba abin da ya rage. A zafin Maris da Afrilu kowace dabba na ƙara sha, rana ma tana shanye na kwano, saboda haka a ajiye shi a inuwa kuma a maimaita awon kwana biyu ko uku.

Fitsarin kansa yana ba da labari. Wadda ke da kwandon yashi a cikin gida, za a ga yashin na jiƙewa sharkaf kafin yamma. Wadda ta shekara goma ba ta taɓa ɓata ɗaki ba, sai a wayi gari ta yi a kan tabarma. Idan wurin ya bushe yana danƙo, ko kiyashi suka yi masa dafifi, a ɗauki abin da muhimmanci. Likitocin Indiya na zamanin da ma da taruwar tururuwa a kan fitsari suke gane wannan ciwo a jikin mutane.

Akwai wata alama da in ka gan ta sau ɗaya ba ka mantawa. Lafiyayyar kyanwa a kan yatsunta take tafiya, dunduniyar ƙafar baya a sama. Idan suga ya daɗe yana cin jijiyoyi, sai dunduniyar ta sauka ta kwanta a ƙasa, kyanwar ta riƙa jan ƙafa, katangar da take hayewa da tsalle ɗaya ta gagare ta. Gashinta ya yamutse ya yi maiƙo domin ta daina lasar jiki. A wannan matakin ne wasu ke fara yi mata wani irin kallo: tsohuwar mage ramammiya, tana yawon dare tana kuka a bakin rijiya, sai a ce ba ita kaɗai ba ce, a kore ta ko a kai ta juji a yar. Ni dai a ganina wannan zalunci ne. Ruwa take nema.

Wanda ciwon ya fi kamawa shi ne fiɗiyayyen muzuru mai ƙiba da ba ya fita farauta. Kyanwa mai teɓa ta ninka ta daidai jiki har kusan sau huɗu wajen haɗarin kamuwa. Ba shan zaƙi ke jawo shi ba. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna harshen kyanwa ba ya ma jin zaƙi. Ita maciyar nama ce, mu kuma shinkafa da taliya da burodin da aka tsoma a shayi muke tura mata, ta ƙoshi ta kwanta. Sai kuma magunguna irin su dezametason da ake saya a kemis ba takardar likita, ana ɗirka wa dabba don ƙaiƙayi ko don ta yi jiki. Yawan amfani da su na iya tayar da ciwon.

Duk waɗannan alamu zato ne kawai suke bayarwa. Ciwon ƙoda, wanda ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi, shi ma yana kawo ƙishirwa da rama, haka ma ciwon ƙululun wuya da likitoci ke kira tayirod. Gwaji ne ke raba gardama. Kada kuma a ɗauko na'urar awon suga ta mutane a soki kunnenta sau ɗaya a yanke hukunci, domin tsoro kaɗai kan haura da sugan kyanwa ya kai na mai ciwo. Likita yakan haɗa gwajin jini da na fitsari, wani lokaci da gwajin furuktosamin da ke nuna yadda sugan ya kasance a makonnin baya. Akwai asibitocin dabbobi a cikin garin Kaduna, abin da ya fi ƙarfinsu kuma ana iya turawa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. In da hali, a tafi da fitsarin safe: a sa mata faranti mai tsabta, a zuƙe da sirinji, a kai cikin 'yan awoyi.

Idan kuwa mai yawan cin nan ta ƙi abinci farat ɗaya, tana amai, ta kwanta lakwas, to ba a kwana da ita a gida. Jinin ne ya fara gurɓata da gubar kitsen da jiki ke ƙonawa, kuma hakan na iya kashe ta cikin kwanaki kaɗan.

Maganin da aka fi dogara da shi allurar insulin ce, yawanci safe da yamma, tare da mayar da ita kan abinci mai nama da kifi da ƙwai dafaffu, a rage tsaba, ban da albasa domin tana lalata mata jini. Kyanwar da aka kama ciwonta da wuri takan warware har a daina yi mata allura, abin da ba safai ake samu a kare ba. Tun daga ƙarshen 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya ta kyanwoyi, sai dai ba kowace ce ta dace da ita ba. Ƙwayoyin suga na mutane ba nata ba ne, farasitamol kuwa ko guda ɗaya na iya ajalinta.

Insulin na son sanyi amma ƙanƙara na lalata shi, don haka a firji ake sa shi, ba cikin firiza ba; in an ɗauke wuta ta daɗe, a ɗaure kwalbar a leda a ajiye ta a jikin randa mai sanyi. Ranar da aka yi mata allura sai aka ga tana tangaɗi ko karkarwa, sugan ne ya faɗi da yawa: a lakato zuma a shafa mata a dasashi, kada a ɗura mata komai a maƙogwaro, sannan a kira likita kafin a sake yi mata wata allurar.