Bayani A Kan Zaɓen Turaren Ranar Aure

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ƙamshi ya sanya shi hutun rai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka soyar masa da turare, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan bayani ne domin iyayen amarya da dangin ango da attajiran da ke sayar musu da kaya. Dalilinsa kuwa shi ne, akan yi wata da watanni ana zaɓen atamfa da leshi da akwatunan lefe, amma turare sai ana gobe kamu za a tura yaro kasuwa, ya sansana bakin kwalba, ya biya kuɗi masu yawa ya dawo. Ranar buki, kafin la'asar ƙamshi ya tsere, ko ya juya ya zama mai hawa kai, ko amarya ta wayi gari da ƙuraje a wuya. Lalle turare ba ya bayyana halinsa sai ya daɗe a jiki, saboda haka mai zaɓensa yana bukatar lokaci da sanin abin da ke cikin kwalba.

Haɗuwar turare da aure tsohon abu ne. Ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslimu cewa Abdurrahmanu ɗan Aufu ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da gurbin rawaya a jikinsa. Da aka tambaye shi sai ya ce aure ya yi, aka umurce shi da walima ko da akuya guda. Malamai da yawa sun ce rawayar nan turaren amarya ne mai za'afaran ya shafe shi. A ƙasar Hausa ma, a garuruwa da dama, da turare ake kama amarya, watau a yayyafa mata shi ranar kamu, daga nan buki ya buɗe.

Shugaban turaruka shi ne almiski, hadisin Muslimu ya tabbatar masa da wannan daraja, Muhtasar na Halilu kuma ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki, shi da jakarsa. Asalinsa daga wata 'yar jaka ne a cikin namijin wata barewa da ke zaune a duwatsun Himalaya da Tibet da Saiberiya. An farauci barewar nan har ta yi ƙaranci, ƙasashe suka sa mata dokar tsaro. Tun 1888 wani Bajamushe mai suna Albert Baur ya gano hanyar haɗa almiski da sinadari, saboda haka mafi yawan abin da ake kira almiski a kasuwa na haɗi ne, farin almiski kuwa dukansa na haɗi ne. Ba laifi a cikinsa, muddin an sayar da shi da sunansa da kuɗinsa.

Haka nan itacen udu, wanda ke fitowa daga Assam ta Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu. Itacen ba shi da ƙamshi sai ya ji rauni wata cuta ta shige shi, sa'an nan ya fitar da baƙin ƙaro yana kare kansa, ƙaron nan shi ne turaren. Ba kowace bishiya ke yin haka ba, ga shi tun 1995 babban irinsa ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini. Wanda aka miƙa wa tola guda, watau kwalba mai cin kimanin mililita 12, aka ce masa udu ne tsantsa a kan kuɗin kwanon shinkafa, to ya tuna araha ba ta ado. Sandal kuwa an fi yabon na Maisur ta Indiya. Jibda daga tunkun jibda ake yasarta, a Habasha aka fi kiwonsa. Farcen da mata ke dakawa murfin bakin wata katantanwar teku ce, kuma sai an jiƙa shi an wanke an soya kāna ƙarninsa ya fita.

Turaren kwalba iri biyu ne. Akwai na mai, irin su Bintu Sudan wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka riƙa yinsa a Kano. Wannan yana lafewa a fata, ya daɗe, ba ya tafiya nesa. Akwai kuma na fesawa wanda aka narka cikin alkohol, yana tashi da ƙarfi ya cika zaure, sa'an nan ya yi saurin raguwa. Malamai sun saɓa a kan tsarkinsa, wasu sun hana, wasu sun halatta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, na mai ya ishe shi.

Kowane turaren haɗi hawa uku gare shi. Na farko shi ne mai sauƙi irin na lemo, wanda ke marabtar hanci a bakin kwalba, ba ya wuce kamar rubu'in sa'a. Na biyu na furanni ne irin su wardi da yasmin, yakan yi 'yan sa'o'i. Na uku shi ne gindi, watau almiski da sandal da udu, shi ke kwana a jiki da tufa. Mai sayen gaggawa hawa na farko ya saya, alhali amarya da ango da na uku za su zauna.

To, hanyar gwaji ita ce wannan. A fara tun buki yana da sauran wata guda. Kada a sansana fiye da iri uku a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya ya daina rarrabewa. A ɗiga a wuyan hannun wanda zai shafa, shi kansa, gama turare ɗaya yakan yi daɗi a jikin wani ya yi tsami a jikin wani. A shafa da hantsi, a sansana da azahar, a sake bayan isha'i. Idan ya kawo ƙaiƙayi ko atishawa ko ciwon kai, a bar shi kome tsadarsa. A lura da lokaci kuma, domin zafin bazara da gumi suna tayar da ƙamshi, abin da ya yi daidai da hunturu sai ya yi nauyi a watan Afrilu.

Ango zai shiga taron ɗaurin aure kafaɗa da kafaɗa da dattawa, sai ya taƙaita. Ya shafa na mai a gemu da wuya, kada ya ɗiga a farar shadda domin yana barin tabo. Rigar a turara ta tun daren jiya. Amarya kuwa, hadisin Tirmizi da Nasa'i ya nuna turaren maza shi ne mai bayyanannen ƙamshi, na mata mai ɓoyayye, malamai suka ce wannan hukuncin fita ne, amma a ɗakin mijinta ta shafa abin da ta so. Nan ne wurin humra fara da baƙa da turaren wuta na sandal da hawi da kajiji, sana'ar da matan Barno suka yi fice a kanta. Humra tana son a bar ta ta tsumu kwanaki da yawa, wadda aka haɗa jiya ba ta nuna ba. Kuma a sa su zama dangi ɗaya, idan humra mai sandal ce turaren kaya ma ya bi sandal, kada a tara iri biyar suna faɗa a jiki guda.

Akwai gargaɗi a kan kasko. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa jiri da suma, tana kisa. A turara ɗakin amarya taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a nisanta hayaƙi daga mai ciwon asma da jarirai.

Attajiri kuma ya ji tsoron Allah, kada ya sirka turare da man banza, kada ya zuba na jabu a kwalbar na ƙwarai, ya bar mai saye ya gwada ya tafi ya dawo. Algus a kayan aure cin amanar gida biyu ne. Uban da ƙarfinsa bai kai na tsada ba ya sayi gwargwadon hali, kada ya ci bashi saboda kwalba.

Allah ya sa albarka a auren Musulmi, ya ba 'yan kasuwa ciniki na halal. Amin. Wassalamu.