Kafin a ɗora wa iyaye laifi: Yadda ake tsara tambayoyin bincike kan karatun yara a Gwarzo da Kabo

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Jihar Kano. Duk sa'ad da aka tayar da wannan zance, ba a rasa mai cewa iyayen karkara ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Da irin wannan magana ake tsara manufofi, ake raba kuɗi. Don haka ya kamata a san yadda aka tambayi iyayen kafin a yanke musu hukunci.

Wa ake nufi da iyaye?

A Getso ko Garo, gida guda kan ƙunshi magidanta da dama, da kishiyoyi, da kakanni, da 'ya'yan riƙo. Mai sayen littafi daban, mai tashin yaro da safe daban. Idan aka tambayi maigida, "Kana bibiyar karatun ɗanka?" an bar gwaggo da yayan da ke yin aikin. Abin da ya fi shi ne a ware yaro ɗaya, a ce, "Wa ya saya masa kayan makaranta a wannan zango?"

Wace makaranta?

Kalmar makaranta ta haɗa boko da allo da Islamiyya. Uban da ke biyan kuɗin Laraba zai amsa cewa ɗansa na karatu, kuma gaskiya ya faɗa. Dole a ambaci kowace da sunanta.

A tambayi aiki, a ƙayyade lokaci

Ba wanda zai ce ilimi ba shi da amfani, musamman a gaban baƙo mai takarda. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya bi wata hanya: yana tambayar ko wani babba a gidan ya karɓi takardar sakamakon yaro, ko ya halarci taron makaranta cikin wata 12 da suka wuce. Wannan abu ne da ake iya tunawa, a kuma tantance.

Lokacin zuwa ma yana sauya amsa. Da damina ana gona, da rani wasu magidanta sun tafi cin rani. Binciken da aka yi a kaka ba zai wakilci shekara ba.

Tarkon da za a guje wa

Kada a haɗa tambaya biyu a ɗaya, kamar "Kina duba littafinsa kina zuwa taron iyaye?" Kada a cusa amsa, kamar "Me ya sa ba kwa tura 'yan mata makaranta?" A tanadi zaɓin "ba a kira taro ba" da "babu malami", domin laifin hukuma kada ya koma kan iyaye.

Akwai kuma kunya. Uwa na iya ƙin ambaton sunan ɗan farinta, ko ta yi shiru idan miji na zaune. Mace ce ta dace ta shiga cikin gida ta tambayi mata, a keɓe.

Kafin a fita, a gwada tambayoyin a kan gidaje kaɗan, a ji yadda mutane suka fahimce su. Shi kuma mai karatu, idan ɗan siyasa ya kawo alƙaluma kan sakacin iyaye, ya nemi ganin tambayar da aka yi, da wanda aka yi wa, da watan da aka yi ta.