Yaɓe ko Sauya Azara: Shawarar Yin Aiki a Ƙashin Baya

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Furfuri, ko wani gari na ƙasar Bunguɗu, ya san abin da ake yi idan bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Maigida zai zagaya ɗakuna yana duba bango da rufi. Ginin ƙasa ba ya rabuwa da tsaga, kowace shekara sai an samu. Yawancinsu a kwaɓa ƙasa da ramno a yaɓe, a gyara indararo ruwa ya samu hanya, shi ke nan. Amma akwai ranar da magini zai ɗaga kai ya ƙwanƙwasa azara, ya ji gara ta rarake cikinta, ko ya ga ta lanƙwasa har ƙasa tana zubowa. Ranar ba ya zancen yaɓe. Cewa zai yi: "Maigida, a fitar da yara da kaya, yau ba a kwana a ɗakin nan."

Da wannan idon nake so mu dubi ciwon baya da na wuya, domin kuskure iri biyu muke yi a kansa, kuma kowanne yana cin mutane.

Gadon baya ƙasusuwa ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa da suka manne da juna. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke hana su gogar juna. Laka tana bi ta tsakiyarsu, jijiyoyi kuma suna fita ta gefe zuwa hannaye da ƙafafu. Mutumin da ya shekara talatin yana duƙe da fartanya, yana ɗora buhun dawa a kafaɗa, yana tsalle-tsalle a kan babur tsakanin gona da kasuwa, dole faifan nan su gaji. Haka macen da ke daka da goyo a baya. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu.

Akasarin wannan ciwo tsagar bango ce. Yana hana barci, yana hana ruku'u, mutum ya riƙa tashi da dafa gwiwa, amma ginin bai motsa ba. Ko da faifan ya turo ya danne jijiya, ciwon ya gangara daga ɗuwawu zuwa ƙauri kamar ana jan igiyar wuta, yawancin mutane suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Jiki da kansa yakan janye abin da ya turo. Yaɓensa shi ne maganin rage zafi na ɗan lokaci, da tafiya a hankali maimakon kwanciya wuni guda, da motsa jikin da likitan gashin ƙashi zai koyar, da sauya yadda ake ɗaukar kaya.

A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka buga a 2007, a kan mutum 283 masu irin wannan ciwo mai sauka ƙafa. Rabi aka yi musu aiki da wuri, rabi aka ce su jira da magani. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙi, kuma kusan 4 cikin 10 na masu jira sun gaji har aka yi musu daga baya. Amma da shekara ta zagayo, kusan duka ɓangarorin biyu sun warke daidai da juna. Abin da wuƙa ta saya musu lokaci ne. Ga wanda ciwo ya kwantar wata uku, iyalinsa na jiran abin sawa a tukunya, lokaci ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na ganin laifinsa idan ya zaɓi aiki. Sai dai ya san abin da yake saye.

Kuskure na farko yakan fara ne daga hoto. Mutum ya yi tattaki zuwa birni, a sa shi cikin na'urar MRI, a ba shi takarda cike da kalmomi masu ban tsoro, ya dawo gida ya tara 'yan'uwa ana lissafin sayar da gona ko bijiman huɗa, wani ma har zancen Indiya ko Masar. Alhali wani nazari na 2015 ya nuna cewa a cikin mutanen da ba abin da ke damunsu, 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan bayansu ya ɗan kumburo, a 'yan shekara 80 kuwa 84 cikin 100 ne. Wace tsohuwar katanga ce za a haska da fitila a rasa tsaga? Likitan kirki yana haɗa hoton da abin da ya gani a jikinka: ina ciwon yake bi, wane yatsa ne ya mutu, ko kana iya tafiya a kan diddige. Ya kamata kuma a sani cewa aiki ya fi amfani ga ciwon da ke sauka ƙafa ko hannu. Idan ciwon a ƙugu kaɗai ya tsaya, ɗaure ƙasusuwa da ƙarfe da kusoshi ba shi da tabbas. Akwai waɗanda aka yi wa, kuɗi ya tafi, ciwon yana nan.

Kuskure na biyu ya fi yawa a wajenmu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. "Baya ba a taɓa shi," in ji mutane, "duk wanda aka yanka a baya ya gama tafiya." Sai a yi ta kai mutum wurin wanzami a yi ƙaho, a yi sakiya, a kai shi wurin mai ɗori ya murɗa wuya, a saya masa dikilofenak da tiramol a kemis wata da watanni. Na farkon yana cin ciki da ƙoda, na biyun yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Duk wannan ana yi ne a ƙarƙashin azarar da ta riga ta karye.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba tare da mutum ya sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi da wurin tsarki ya mutu har ba a jin ruwa idan ana wankewa: wannan na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba. Haka ƙafar da ke ƙara rauni, takalmi yana zamewa, yatsu suna jan ƙasa. A wuya kuma, hannu ya kasa sa maɓallin riga, carbi ko kofi ya riƙa faɗuwa, tafiya ta koma tangaɗi; laka ce ake matsewa, kuma murɗa irin wannan wuya ganganci ne. A nan aiki yakan zama don a tsayar da ɓarnar ne, abin da ya riga ya tafi ba kullum yake dawowa ba. Shi ya sa jinkiri ke da tsada. Sau da yawa wanda ake nunawa a ce aiki ya gurgunta shi, an kai shi ne bayan jijiyar ta gama mutuwa.

Akwai kuma gara. Ciwon baya mai haɗe da rama, da zazzaɓin dare da gumi, da ƙusumbi da ke fitowa a hankali, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashi. Wannan yawanci ƙwayoyi ne maganinsa, na watanni masu yawa, kuma kyauta ake ba da maganin tarin fuka a asibitocin gwamnati. Ana zuwa ga wuƙa ne idan ƙashin ya rushe ya danne laka.

Daga Furfuri, ƙofar farko Gusau ce: Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan abin ya kai ga tiyata, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin Shika a Zariya. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba kullum ake bin ta da kwanciyar rai ba, kuma bayan aiki akwai komawa ganin likita, don haka kuɗin mota da na mai jinya suna cikin lissafi tun farko.

Idan ba gaggawa ba ce, a zauna da likita a yi tambaya ba kunya. Wace jijiya ce aka danne? Idan na jira wata uku me zai faru? Ciwon ƙafa aikin zai cire ko na ƙugu? Miki yana iya ruɓewa, faifan yana iya sake turowa, mai ciwon suga da mai shan taba kuma sun fi jinkirin warkewa. A faɗa maka naka rabon a cikin wannan. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Sannan a dubi lokaci, domin ba a yaye rufin ɗaki a tsakiyar damina sai dole. Manomin da aka yi wa aiki zai yi makonni bai duƙa ba, bai ɗauki buhu ba. Wanda ciwonsa zai iya jira, ya bari a gama kaka, amfani ya shiga rumbu, a kuma tsayar da wanda zai riƙe masa gona da gida har likita ya ba shi izinin komawa aiki.