Bikin Ƙanƙara na Garin Sounkyo da Darasinsa ga Mutanen Buji

A ƙasar Hausa, hunturu lokaci ne na hazo da jaura da tsagewar fata. A ƙaramar hukumar Buji, kamar sauran sassan tsakiyar Jihar Jigawa, da zarar an kammala kaka sai aikin gona ya ja baya, matasa da dama su kama hanyar ci-rani. Akwai kuwa al'ummomin da sanyinsu ya ninka wannan tsanani, amma suka mayar da shi hanyar samun abinci. Garin Sounkyo na tsibirin Hokkaido, a arewacin Japan, yana daga cikinsu.

Sounkyo ƙaramin gari ne da ke cikin wani kwazazzabo a gandun dajin Daisetsuzan, wanda aka keɓe a shekarar 1934. Kogin Ishikari ne ya ratsa kwazazzabon. An san garin da maɓuɓɓugan ruwan zafi, domin yankin na duwatsu masu aman wuta ne: ruwan sama yana nutsewa ƙasa, zafin duwatsun ya dumama shi, sannan ya sake ɓullowa. Tun daga shekarar 1976 mutanen garin suke gudanar da bikin ƙanƙara, daga ƙarshen watan Janairu zuwa cikin Maris.

Ba sassaƙa dunƙulen ƙanƙara kaɗai ake yi ba. Makonni kafin bikin, ma'aikata sukan kafa ƙwarangwal na itatuwa a bakin kogi, su riƙa fesa masa ruwan kogin. Da yake sanyin dare yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan yana daskarewa, wani bisa wani, har a sami hasumiyoyi da koguna da soraye waɗanda mutum zai shiga ya zaga. Da dare akan haska su da fitilu masu launi iri-iri, a wasu ranakun kuma a yi wasan wuta. Zafin maɓuɓɓugan ba ya narkar da ginin, saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, a ja shi ta bututu zuwa masaukai, iskar waje kuwa tana nan da sanyinta. Baƙo yakan gama zagayensa jiki na kyarma, ya wuce masauki ya shiga ruwan ɗumi. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ce take cika otal-otal a watannin da, in ba don bikin ba, kasuwa za ta yi sanyi.

Ba za a iya kwaikwayon wannan a Jigawa ba, domin sanyin hunturu busasshiyar iska ce daga Sahara, kuma ba ya kaiwa matakin daskarar da ruwa. Abin ɗauka shi ne dabarar: mutanen Sounkyo sun dubi abin da Allah ya hore musu, suka ɗaura shi da lokacin da ya fi dacewa. A nan ma akwai irin wannan arziki. A hunturu ne tsuntsaye daga Turai suke sauka a dausayin Haɗeja-Nguru, har da Baturiya. Birnin Kudu, maƙwabciyar Buji, tana da daɗaɗɗun zane-zane a jikin duwatsu, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ga duwatsun da garin Dutse ya samo sunansa daga gare su. A Yankari ta Jihar Bauchi kuma akwai ruwan Wikki, mai ɗumin kusan digiri 31 rani da damina.

Abin da ya rage shi ne tsari: tsayayyen lokaci a kowace shekara, hanya mai kyau, masauki mai tsafta, da horar da 'yan gari su zama jagororin baƙi. Idan aka samar da waɗannan, wasu daga cikin matasan da ke barin Gantsa da ƙauyukanta bayan kaka za su iya samun abin yi a gida.