Garuruwan da Ake Sake Ginawa a Barno Na Buƙatar Ɗakin Karatu

Tun 2021 da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, jama'a ke ta komawa garuruwansu. Ana gina gidaje da makarantu da asibitoci, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma duk aikin alheri ne. Sai dai ba a cika jin an ambaci ɗakin karatu na jama'a ba. Mai son littafi, in ba ya shigo Maiduguri ya nufi laburaren jiha ko na Ramat da ke jami'a ba, da wuya ya samu wurin zama ya yi karatu. Jiha ce kuwa mai ƙananan hukumomi 27.

Ɗakin karatu na jama'a ba baƙo ba ne a Arewa. A zamanin En'e, manyan garuruwa na da ɗakunan karatu, kuma a shekarun 1950 babban laburare na Kaduna kan aika musu da littattafai cikin akwatuna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, sauran su yi da'ira suna saurare.

Me irin wannan ɗaki zai yi wa Bama ko Dambuwa ko Monguno a yau? Farko dai haske. Mutanen Maiduguri ba su manta da duhun da suka sha ba bayan an fasa turakun wutar hanyar Damaturu a 2021, to balle ƙauye. Ɗaki guda mai sola da fanka da benci, inda ɗalibi zai zauna bayan sallar isha'i ya yi bitar darasi, ya riga ya biya kuɗinsa ko da littattafan ba su cika kanta biyu ba.

Sai kwamfuta. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Akwai yarinyar da ta haddace darasinta tsaf, amma ranar jarrabawa ce ranar da hannunta ya fara taɓa linzamin kwamfuta. Hannu na rawa, kibiyar na tsalle a kan allo, lokaci na tafiya. Wannan zalunci ne, kuma maganinsa bai wuce kwamfuta huɗu ko biyar da wanda zai nuna mata sau ɗaya a mako ba. A nan ne kuma za a taya dattijo cike fom, a karanta wa manomi bayanin irin gero ko alkama da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ke fitarwa, cikin Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Baburanci ko Margi.

Abin da ya fi damuna shi ne takardun gado. Barno ƙasar tsangaya ce, rubutun Alƙur'ani na Barnawa sananne ne har wajen Najeriya, kuma tun ƙarni na 16 Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta tarihin Mai Idris Aloma. Gidajen malamai da yawa na ajiye da littattafan hannu cikin gafaka, takarda ta yi ja, gara na ci daga gefe. Yaƙi ya ƙone wasu. Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta nuna yadda dare ɗaya ke iya shafe abin da aka adana shekaru aru-aru. Ma'aikacin laburaren ƙauye zai iya ɗaukar hoton kowane shafi da waya mai kyau, a gaban mai littafin, ya miƙa masa abinsa. Malam ba zai yarda littafin kakansa ya kwana a waje ba, kuma yana da gaskiya.

Inda hanya ta yi nisa, littafi na iya bin mutane. A Garissa ta Kenya, raƙuma aka riƙa ɗora wa akwatunan littattafai tun 1996. A nan Keke Napep ma ya isa, muddin akwai tsaro. Amma duk wannan ya rataya ne a kan mutum ɗaya, ɗan garin, mai jin harshen jama'arsa, wanda ƙaramar hukuma za ta riƙa biyan albashinsa kowane wata, tare da kuɗin gyaran batirin sola idan ya mutu.