Yadda Za Ka Karanta Rubutunka a Gaban Jama'a



Bara, ranar walimar sauka, aka ba ni dama na karanta insha'in da na rubuta kan haƙƙin iyaye. Na yi kwana goma ina gyaransa. Da muka koma gida na tambayi Inna yaya ta ji, sai ta ce: “Na dai ji Bismillah, na kuma ji Wassalam.” Abin da ke tsakani duk na sheƙa shi a guje, kaina cikin kaye, ƙafafuna na rawa.

Daga baya na gane inda matsalar take. In kana tilawa ka haɗiye kalma, rabin mutanen da ke ƙarƙashin rumfa sun haddace surar, za su cike ta a zuci, wani ma ya ɗaga murya ya gyara maka. Rubutunka kuwa babu wanda ya taɓa jin sa. Kalmar da ta wuce kunnen mai saurare ta tafi ke nan.

Maganin yana cikin darasin tajwidi, babin waƙafi. A Mus'hafin Hafsu ƙaramar mimi tana nufin lallai ka tsaya, jimi kana da zaɓi, lam'alif kada ka tsaya. To ɗauki jan bik ka sa wa takardarka irin waɗannan alamomi. Inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, jimlar ce ta yi tsawo, raba ta biyu. Ba ka gane wannan da ido, sai ka karanta da ƙarfi a tsakar gida. Ni ƙanwata nake zaunarwa, kuma ba ta da kara ko kaɗan: da ta fara wasa da mayafinta na san wurin nan sai an rage.

A cikin Bukhari, Anas (R.A.) ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan maimaita magana sau 3 don a fahimce ta. Jimlar da ka fi so iyaye su tafi da ita gida, maimaita ta ba laifi. In ka kawo aya ko baitin Larabci, fassara shi da Hausa nan take, don yawancin iyayenmu ba su zauna aji tare da mu ba.

Layin farko kuma haddace shi, ka faɗe shi kana duban mutane. Kada ka manna baki a jikin lasifika. In wuta ta ɗauke, kar ka tsaya jira, nemi tsohon da ke sahun ƙarshe ka karanta masa.